Nauyin Kunamar Libarba

Dewey Sizemore ya jera ƙananan bindigogi huɗu a kan kantar shagonsa, bisa wani tsohon bargo. Ya buɗe kowacce ya nuna wa matar da ta zo saye cewa babu harsashi a ciki. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Hannuwanta na cikin aljihun rigarta ta ma'aikatan jinya.

"Ba sa cizo, 'yar nan," in ji shi.

Sunanta Marlene Tackett. Gida-gida take bi a ƙauyukan kan duwatsu na gabashin Kentucky tana duba tsofaffi marasa lafiya. Makon jiya wani mutum ya tare ta a hanyar da ba kowa, ya fasa mata gilashin mota yana neman magungunan da ke jakarta. Mijinta ya ce ko ta fara riƙe bindiga ko ta bar aikin. Shekararta arba'in da bakwai, a garin da 'yan mata ke harbin kurege tun suna firamare, amma ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa bindiga ba.

Dewey ya shekara hamsin yana gyaran bindigogi, ya saba da masu tsoro. Ya tambaye ta abin da take so. Ta ce marar nauyi, wadda za ta ɓuya a aljihu, marasa lafiyarta ba za su gani ba.

Ta taga yana hango motarta. Wani tsoho na zaune a gaba, an naɗe masa wuya da mayafi, yana cin biskit a hankali da hannu ɗaya.

"Mahaifina ne, Virgil," in ji ta. "Ɓarin jikinsa ya shanye. Ba na bar wa kowa shi. Shi kaɗai ya raine ni, kuma ya yafe mini abin da ba kowane uba zai yafe ba."

Dewey bai tambaya ba. Ya miƙa mata wata sabuwa mai jikin roba, ta karɓa da yatsu biyu, ta ajiye da sauri. Ta biyun ta yi wa tafinta girma. Ta ukun sai an koyi dabarar ja da samanta baya kafin ta ɗauki harsashi.

"Akwai yara a gidan?"

"Jikata. Ta kusa shekara huɗu."

"To bar waɗannan."

Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauko wata daga can ƙasan kantar. Tsohuwar libarba ce gajeriya, baƙin jikinta ya koɗe a gefe-gefe, mariƙinta na katako ya yi santsi. Ya ce ta girmi Marlene, amma ba ta kai nauyin kofin shayi cike ba. Masu shaguna da direbobi sun daɗe suna yawo da irinta a aljihun kwat.

Marlene ta ja da baya har ta bugi tarin akwatuna.

"Ban da wannan, Baba Dewey."

"Me ta yi miki?"

"Na san irinta. Muna da ita a gida, da."

"To kin san ta gari." Ya juya ta ya nuna mata bayanta. "Duba nan. A rufe take. Babu ɗan ƙarfen da ake ɗanawa da babban yatsa, don kada ya maƙale a aljihu. Hanya ɗaya ce ta tashi, ki ja kunamar tun daga farko har ƙarshe. Kuma kunamar nan, sai wanda ya ci ya ƙoshi. Ko jikarki ta same ta, Allah Ya kiyaye, ba abin da za ta iya yi da ita. Duk da haka ki riƙa kulle ta."

Ta ɗago ta kalle shi.

"Sake faɗa."

Ya sake faɗa.

Ta miƙo hannu. Ya ɗora mata, ya juya bakin ya fuskanci buhun yashin da ke kusurwa. Ta ja. Kunamar ta ɗan motsa ta tsaya. Ta cije leɓe ta ƙara ƙarfi har kan yatsanta ya yi fari, sannan aka ji ƙas.

Ta koma ta gwada da ɗan ƙaramin yatsanta. Ko gezau.

"In yaro ya sa hannu biyu fa?"

"Hannunsa ba zai zagaye mariƙin ya kai kunamar ba."

"In ta tsufa ta yi laushi? In ta faɗi ƙasa?"

"Ba ta laushi haka. Jefa ta daga kan rufi ma ba za ta tashi ba. Sau biyu ana kira na kotu a kan irin wannan, na rantse na faɗi abin da nake gaya miki yanzu."

"Ko sau ɗaya, Baba Dewey? Ko cikin dubu?"

Sai a lokacin ya lura ba kwanciyar hankali take nema ba. Roƙonsa take yi ya ce mata e, yana yiwuwa.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar nan. Babban mutum ne kaɗai ke tayar da wannan, kuma sai ya yi niyya."

Ta ajiye bindigar a kan bargon a hankali. Ta zauna a kan akwati. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawayen ne kawai ke sauka a kan rigar aikinta. A waje tsohon ya gama biskit ɗinsa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana yafito ta.

Dewey ya kawo mata ruwa, ba ta karɓa ba. Idonta na kan motar.

"Shekarata uku," in ji ta, "ranar da mahaifina ya gaya wa 'yan sanda, ya gaya mini, cewa ni na zaro irin wannan daga aljihun kwat ɗinsa na harbe mahaifiyata."