Bishiyar Lemu a Ƙofar su Sumie

Sau uku ina cire 'yar bishiyar nan a ɓoye, ina jefawa a shara.

Mijina Tokuji ya ƙera ƙaramin samfurin ƙauyenmu a kan tebur, har da ɗan jirgin ƙasa mai zagayawa. Ya barbaɗa garin shayi ya zama ciyawa, sannan ya manna bishiyar lemu a ƙofar su Sumie. Ba gulma ba, kowa ya san ya taɓa rubuta mata wasiƙa.

Yau na tarar da shi yana neman bishiyar a kan teburin.

"Tsohuwa, kai ni asibiti. Jiya fa na dasa ta. Ƙwaƙwalwata ta fara tafiya."

"Bishiyar budurwarka ce ta dame ka?"

"Wace budurwa? A kan bishiyar nan na fara ganinki, kina satar lemu. Ranar nake tsoron mantawa."

Motar shara kuwa tun safe ta wuce.