Masu Kifi a Saman Bene

Mai zanen ginin ya buga tebur a gaban taron 'yan kasuwa. "Masu kifi a saman bene za su zauna! Ba za a ɓata min fuskar kasuwa da ƙarni ba."

Mai kasuwar, wanda ya ba shi aikin, ya tura masa akwatin shawarwarin jama'a. "Malam, karanta ko ɗaya ce, sannan ka yi mana ihu."

Ya zaro takarda yana yatsina, ya karanta da ƙarfi don a yi dariya: "Wanda ya zana wannan bai taɓa hawa bene da bahon ruwa a ka ba."

Ba wanda ya dara. Ransa ya ƙara ɓaci.

"Wace jahilar ce ta rubuta wannan? Ta miƙe in gan ta!"

Can baya wata tsohuwa mai kifi ta miƙe. Ya saki takardar ta faɗi ƙasa.

"Jahilar da ta goya ka ba ta iya rubutu ba," in ji mahaifiyarsa. "Ni na faɗa, matarka ta rubuta."