Digiri Sittin

"Lanƙwasa gwiwar, Mama," in ji likitar gashin ƙashi, tana ɗora ma'auni. Digiri sittin, kamar kullum.

Amma ɗazu da idonta ta ga tsohuwar ta tsuguna har ƙasa ta ɗauki takalminta.

"Mama, ƙafar nan fa ta warke."

Tsohuwar ta damƙe hannunta. "Rufa min asiri, 'yar nan. Ranar gashi kaɗai nake ganin ɗana."

Likita ta rubuta sittin.

Ɗan ya shigo, waya a kunne, ya leƙa takardar. "Wata uku ba ci gaba? To zuwan ya isa haka, Mama. Gobe zan aiko miki da keken guragu."