Burjin Bayan Ka'akiyya

A kan burjin da ya ratsa duwatsun bayan unguwar Ka'akiyya Lujain ta tarar da Muttaka zaune, ya jingine kekensa a gefe. Ita motsa jiki ke kawo ta nan da nata keken, saboda babu mota. Shi kuwa don babu shingen 'yan sanda yake bi, domin a Makka aka haife shi, amma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama.

Bai tashi ba. Ƙura ta yi masa fari fat a gira.

"Me Abuya ya ce maka?" ta tambaya, tana nufin mahaifinta.

"Ya ba ni gahawa, ya sa mini albarka. Sannan ya ce ba a ɗaura wa mara takarda aure."

"To mu jira mana. Wannan hanyar ba ta taɓa tona mana asiri ba."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta, idanunsa jajir. "Kin san inda take kaiwa, Lujain? Zagaye kawai take yi. Wallahi na gaji da zagaye."

Ya miƙe ya turo mata kekensa. Ta ƙi riƙewa, keken ya kife a tsakuwa, tayar baya na ta juyawa. Ta san abin da ke jiran irinsa a shingen 'yan sandan da ke kan kwalta: gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, sannan jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba.

"Don Allah kar ka faɗa," ta ce.

"Gobe kwalta zan bi."