Rakiyar Direbobi a Bakin Hanyar Alaska

Motar marigayi mijinta ta mutu mata daidai gindin allon garin da hanyar Alaska ta fara. Bana ta koyi tuƙi, don ta ga hanyar da ya tsufa yana bi.

Manyan motoci suka ɗauki hon a bayanta. Ta ce a ranta gida za ta koma.

Wani tsohon direba, abokin mijin, ya leƙo taga. "Matar yaya, kuka kuma? Taka kulocin mana!"

"Ba ka ji suna zagina ba?"

"Wane zagi? Motarsa suka gane. Haka muke raka namu in zai hau hanya."

Ta murɗa makulli, mota ta tashi. Ta danne nata hon ɗin tana dariya, ba ta saki ba sai da gonakin alkama suka rufe garin a bayanta.