Ɗigon da Ke Tsayawa Awa Ɗaya

Ɗigon ya tsaya da ƙarfe goma na safe.

Inna Pan ta ajiye shayinta, ta miƙe tsaye a gaban allon. Aikinta ke nan a ofishin sa ido na tashar jiragen ruwa ta Donggang, kallon ɗigo. Kowane ɗigo jirgin kamun kifin tuna ne, na'urarsa tana aiko da inda yake. Wanda ya tsallake jan layi ya shiga ruwan da aka rufe don ƙananan kifi su girma, sai ta rubuta sunansa a karɓe masa lasin.

Wannan ɗigon ya tsallake. Ba ta rubuta kome ba. Tana tsaye har awa ta cika, ɗigon ya juya ya fita. Sannan ta zauna. Shayin ya huce.

Ba mai kula da ita a ofishin. Ita kaɗai take cin abincinta a bakin taga, ita kaɗai take tafiya gida a babur. Hutu kuwa duk ranar da aka ba ta tana karɓa, ban da biyar ga wata na biyar, ranar sallar da kowa ke gida yana cin curin shinkafa a ganyen gora. Ran nan ita ke roƙon a bar mata ofis.

Da shekara ta kusa zagayowa aka kawo sabon shugaba, Yen, mai karatu da yawa da son tone-tone. Sati biyu ya yi yana bin tsofaffin bayanai. Ya kira ta.

"Inna, jirgin Kyaftin Ang. Shekara tara, kowace ranar salla, wuri ɗaya, cikin jan layi. Kuma kullum ke ce a kan allo."

"Ni ce."

"Ina rahoton?"

"Babu."

"Me yake kamawa a can?"

Ta dubi hannuwanta.

Yen ya yi bincike a bakin ruwa. Masu sayar da ƙanƙara suka ce ai kowa ya sani, kafin wannan tafiyar Inna Pan tana zuwa wurin tsoho Ang, ƙunshi yana wucewa daga hannu zuwa hannu. Ya rubuta takardu biyu, ɗaya ta karɓe lasin Ang, ɗaya ta sallamar Inna Pan daga aiki. Ya sa su a aljihu ba tare da sa hannu ba. Yana so ya gani da idonsa.

Ranar tashin jirgin ya laɓe bayan tarin akwatunan kifi. Ana loda ƙugiyoyi. Sai ga Inna Pan ta iso, ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Ang ya sauko yana tauna goronsa, tsoho ne baƙi ƙirin saboda rana. Ba su gaisa ba. Ƙunshin yana tsakanin hannuwansu Yen ya fito ya fizge.

"Kai, ɗan boko, a hankali," in ji Ang. "Da ɗumi."

Yen ya warware zanen. Curin shinkafa ne guda shida a ganyen gora, an ɗaure su da zare tsaf. Sai kwalin sigari ɗaya da sabuwar safa. Ya fasa curi ɗaya da yatsa. Gyaɗa da nama. Ya fasa na biyu.

"Bari," in ji Inna Pan. "Tun asuba nake ɗaure su."

"Da wannan yake sayen bakinki?"

Ang ya tofar da jan yawu a ruwa. "Wa ya ba wa? Ka duba da kyau, mai tabarau."

Yen ya zaro takardun. "Kyaftin, ko ka faɗa mini abin da kake yi a cikin jan layi, ko jirgin nan ba zai bar gaɓa ba."

Tsohon ya karɓi ƙunshin daga hannunsa, ya haɗa guda huɗun da suka rage, ya mayar da ɗaurin. Ya daɗe yana kallon matar, ita kuma tana kallon ruwa.

"Kashe inji nake yi, in cire hula," ya ce. "Sa hannunka, yaro. Amma sai ka nemo wanda zai kai wa mijinta abincin sallarsa, don a daidai wurin nan na cikin jan layi ya faɗa ruwa daga jirgina yana aikin ofishinku na auna kifi, ban kuma same shi ba."