Wayar Gwangwanin Kawu Sule

Lokacin yaƙin basasa, Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, sojan oba-oba ne, mai riƙe da rediyon sadarwa. Ran da zai koma bakin daga, bayan la'asar, ya huda gwangwanayen madara biyu ya haɗa su da zare. Ya hau kan soro da ɗaya, ni ina tsakar gida da ɗayan a kunne, warin baba yana tasowa daga marinar Ƙofar Mata.

"'Yata, kina ji na?"

Na amsa da Turancin makaranta: "Yes sir, it is clear."

Dariyarsa ta biyo zaren. "Wannan ai na malamin da ke tsaye a kanki da bulala ne, ko ba ki gane ba sai ki faɗa. Mu 'loud and clear' muke cewa. Wanda ya yi nisa ake gaya wa haka, don ya san muryarsa ta iso, ba shi kaɗai ba ne."

Na faɗa, harshena yana harɗewa. Ya ce in sake.

Bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba. Har yau abin da ke cin raina, can dajin da ya faɗi, ban san ko wani ya amsa masa ba.